Tsakanin "Yin Kamar" da Yaudara: Nazarin Iyakar Ƙarya a Harshe da Zamantakewar Bahaushe

Tsakure

A kowace rana Bahaushe yakan furta maganganun da ba su dace da zahirin halin da yake ciki ba, amma babu mai kiransa maƙaryaci. Majinyaci yana jin jiki ya ce "da sauƙi", baƙo yana jin yunwa ya ce "na ƙoshi". A ɗaya ɓangaren kuma, mutum yana iya cutar ɗan'uwansa ba tare da ya furta kalmar ƙarya ko ɗaya ba. Wannan maƙala ta bibiyi inda Bahaushe ya shata iyaka tsakanin waɗannan halaye biyu. An ɗora nazarin a kan ra'in haɗin kai a zance na Grice (1975), an kuma zaƙulo misalai daga maganganun yau da kullum da karin magana da adabi. Maƙalar ta gano cewa abin da ke raba "yin kamar" da yaudara shi ne tarayyar sani tsakanin mai magana da mai sauraro, sannan Hausa ta tanadi kalmomin da mai sauraro zai yi amfani da su ya nemi a ajiye wasa a faɗa masa gaskiya.

Fitilun Kalmomi: yin kamar, ƙarya, yaudara, kunya, amana

1.0 Gabatarwa

A laccar da A. H. M. Kirk-Greene ya gabatar a Jami'ar Indiyana ta Amurka, wadda aka buga a 1974, ya lissafa ɗabi'u goma da Bahaushe ke auna mutumin kirki da su. Daga cikinsu akwai gaskiya da amana, akwai kuma kunya da ladabi. Wanda ya san zaman Hausawa ya san cewa waɗannan ɗabi'u ba kullum suke tafiya a hanya ɗaya ba. Gaskiya tana so a faɗi abin da ke ciki, kunya kuwa sau da yawa tana so a haɗiye shi. Surukin da aka ajiye wa tuwo a gidan surukansa, ya ɗan taɓa ya ture kwano alhali bai ƙoshi ba, ya cika sharaɗin kunya. Abin tambaya shi ne ko ya saɓa wa gaskiya.

Amsar wannan tambaya tana da tasiri fiye da yadda ake zato. Baƙon al'ada yakan ɗauki kawaicin Bahaushe a matsayin rashin gaskiya, ya yi masa mummunar fahimta. Mayaudari kuma yakan fake da rigar kunya da ladabi ya cuci mutane. Saboda haka manufar wannan maƙala ita ce fito da ma'aunin da harshen da kansa yake amfani da shi wajen rarrabe waɗannan abubuwa.

2.0 Ra'in Bincike

Masanin falsafar harshe J. L. Austin ya rubuta maƙala a 1958 a kan ma'anar "yin kamar", inda ya nuna cewa mai yin kamar yana gabatar da wani hali a fili domin ya lulluɓe wani halin da yake shi ne na haƙiƙa. Erving Goffman (1959) kuwa ya kwatanta zaman jama'a da dandalin wasan kwaikwayo, inda kowa ke da rawar da yake takawa a gaban mutane. Brown da Levinson (1987) sun ɗora a kan tunanin Goffman, suka bayyana ladabi a zance a matsayin dabarun kare mutuncin mai magana da na abokin maganarsa.

Ra'in da ya fi dacewa da wannan nazari shi ne na H. P. Grice (1975). A ganinsa, masu zance suna tafiya ne bisa wata yarjejeniya da ba a furta ba, mai ƙa'idoji huɗu: a ba da bayani daidai gwargwadon buƙata, a faɗi abin da aka yi imani gaskiya ne, a tsaya a kan batu, a kuma yi magana a sarari. Muhimmin abin da Grice ya lura da shi shi ne cewa hanyoyin karya ƙa'ida sun bambanta. Mai magana yana iya karya ta a fili, yana sane da cewa mai sauraro ya gani kuma zai gano manufarsa, kamar yadda ake yi a gatse da habaici da kambamawa. Yana kuma iya karya ta a ɓoye domin ya ɓatar da mai sauraro. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin abin da zai biyo baya.

3.0 Kalmomin Fannin a Hausa

Hausa tana da wadatar kalmomi a wannan fage, kuma ana iya kasa su gida biyu. Kashi na farko ya ƙunshi kalmomin da ke bayyana shigar da mutum ya yi, ba tare da yanke masa hukunci ba. A nan ake samun "yin kamar" da "nuna kamar", da likimo (yin kamar ana barci), da lamɓo, da yaƙe (murmushin dole), da kunnen uwar shegu, da borin kunya, da basaja, da shigar burtu. Wannan ta ƙarshe ta samo asali ne daga maharbin da ke ɗaura kan burtu a goshinsa ya sunkuya, domin namun daji su ɗauka tsuntsu ne. Waɗannan kalmomi suna iya zama yabo ko zargi gwargwadon muhallinsu. Uwar da ta yi kunnen uwar shegu da ɓarancin kishiya ta yi abin yabo, shugaban da ya yi shi ga koken talakawa ya yi abin zargi.

Kashi na biyu ya ƙunshi kalmomin da hukunci ke tattare da su: yaudara, zamba, damfara, ha'inci, cuta, algus, maguɗi, makirci da munafunci. Akwai abin lura na nahawu a nan. Aikatan yaudara da damfara da cuta da zambata da ha'inta duk 'yan giredi na 2 ne a tsarin Parsons (1960), wato masu sauya wasalin ƙarshe zuwa -i a gaban suna da -e a gaban wakilin suna: ya yaudari abokinsa, ya yaudare shi, ya cuci maraya, ya cuce shi, ya zambaci baƙo, ya zambace shi. Aikatan wannan giredi so-karɓau ne. Ke nan ginin kalmar kansa yana nuni da cewa akwai wanda abin ya faɗa wa.

Kalmar ƙarya ta sha bamban. Suna ce da ke tafiya da aikatau "yi", kuma ana iya cewa "ya yi ƙarya" a tsaya nan ba tare da an ambaci kowa ba. Akwai kuma bambanci ta fuskar sakamako. Jimlar "ya yi mini ƙarya amma ban yarda ba" karɓaɓɓiya ce, alhali "ya yaudare ni amma ban yarda ba" tana tuntuɓe a kunne, domin ba a cewa an yaudari mutum sai ya riga ya faɗa tarko. Ƙarya aiki ne na baki wanda zai iya cin nasara ko ya faɗi, yaudara kuwa suna ce ta abin da ya riga ya auku a zuciyar wanda aka yi wa.

Haka nan ƙarya tana da wata ma'ana ta biyu da ba ta shafi furuci ba. "Ɗan ƙarya" shi ne mai nuna arzikin da bai kai ba, "ƙaryarsa ta ƙare" na nufin ƙarfinsa ko taƙamarsa ta zo ƙarshe, "ƙarya kake" kuma sau da yawa na nufin "ba ka isa ba". Wannan ya nuna cewa a tunanin Bahaushe, tufafi da tafiya da fankama duk maganganu ne da za a iya gaskata su ko a ƙaryata su.

4.0 "Yin Kamar" Bisa Tarayyar Sani

4.1 Gaisuwa da Karɓar Baƙi

Amsar "ina kwana?" ita ce "lafiya lau", ko da an kwana a kan ciwo. Amsar "ina gajiya?" ita ce "ba gajiya", ko da an wuni a gona. Babu wanda ke jin waɗannan amsoshi ya ɗauke su a matsayin rahoto. Malinowski (1923) ya bayyana irin wannan zance da cewa aikinsa ƙulla zumunci ne kafin isar da labari. Shaidar haka a Hausa ita ce, bayan an gama gaisuwa ne ake gyara zama a ce "dama abin da ya kawo ni", sannan ainihin labari ya fito, wani lokaci ma labarin rasuwa.

Tayin abinci ma haka yake. Mai gida ya ce "bisimilla", baƙo ya ce "alhamdu lillahi". Dukansu sun san cewa amsar farko ta kunya ce, shi ya sa mai gida na kirki yake maimaita tayi, ko ya sa a kai wa baƙo abinci ɗaki a ba shi wuri. Da maganar baƙon yaudara ce, da mai gida bai san abin da zai yi ba.

4.2 Kunya da Kara

Uwa Bahaushiya a al'adance ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, takan ma nuna kamar ba ta damu da shi ba. Duk unguwa ta san cewa wannan kawar da kai alama ce ta tarbiyya, kuma ba ya rage komai daga ƙaunarta. Haka mutumin da aka nemi wani abu a wurinsa ya ce "bari in yi shawara" ko "za ka ji daga gare ni". A muhallai da dama wannan ƙi ne da aka naɗe cikin ladabi, domin kada mai roƙo ya tashi da kunya. Karin maganar da ke cewa "ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba" tana tabbatar da cewa Bahaushe yana ƙirga iya ɓoye wasu abubuwa cikin cikar hankali.

4.3 Wasa da Adabi

Kaka takan kira jikanta namiji "mai gidana", ta kira ta mace "kishiyata". Bakano da Bazazzagi, ko Bafulatani da Babarbare, ko Bagobiri da Bayarabe, sukan jefi juna da maganganun da in a wani muhalli ne sai an kai ga faɗa. A wasannin tashe na watan azumi yaro yakan manna gemun auduga ya riƙe sanda ya zama tsoho, masu kallo su ba shi sadaka suna dariya. Ita ma tatsuniya tana buɗewa da "ga ta nan, ga ta nanku", ta rufe da ambaton cewa ba don Gizo ba da an yi ƙarya. Wannan rufewa shaida ce cewa al'umma ta san bambancin ƙagaggen labari da ƙarya, har ta yi masa ƙofar shiga da ta fita.

Cikin tatsuniyar kuwa, Gizo mayaudari ne na gaske, kamar yadda ya haɗa giwa da dorina jan igiya kowace tana zaton da shi take ja. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934, Alhaji Imam da Malam Zurƙe sun yi ta shirya wa juna makirci daga gari zuwa gari. Mai sauraro da mai karatu suna jin daɗin waɗannan ne domin su an sanar da su abin da ake ƙullawa. Wanda aka bari a duhu shi ne ke shan wuya.

5.0 Yaudara: Inda Sani Ya Zama na Mutum Ɗaya

Da zarar ɓangare ɗaya ne kaɗai ya san cewa abin da ake nunawa ba shi ne haƙiƙa ba, kuma ɗayan zai gina wani hukunci a kai, an fita daga "yin kamar" an shiga yaudara. Kalaman da Hausa ke siffanta wannan hali da su kusan duk suna ɗauke da hoton abu biyu, na waje da na ciki: ungulu da kan zabo, kura da fatar akuya, fuska biyu, Musa a baki Fir'auna a zuci, haƙorin dariya shi ke cizo. Mafi nauyinsu ita ce "zamba cikin aminci", domin ta ambaci abin da aka ci, wato amana.

Yaudara ba ta buƙatar ƙarya. Mai sayar da hatsi da ya zuba mai kyau a bakin buhu ya bar ruɓaɓɓe a ƙasa bai ce komai ba. Dillalin da aka tambaya lafiyar mota ya ce "ba ta taɓa kwana a gareji ba", alhali ya san bakanike gida yake zuwa kullum, gaskiya ya faɗa kalma bayan kalma. Maƙwabcin da iyayen yarinya suka tambaya ko manemin 'yarsu yana da sana'a, ya ce "kullum da sassafe yake fita", ya san abin da za su fahimta kuma ya san ba haka ba ne. A ma'aunin Grice, waɗannan sun kiyaye ƙa'idar gaskiyar lafazi, sun karya ta cikar bayani a ɓoye. Bahaushe ba ya karɓar uzurin "ai ni ban yi ƙarya ba" a irin wannan hali. Abin da zai ce shi ne "ya rufe ni" ko "ya ha'ince ni".

Koyarwar Musulunci, wadda ta yi tasiri mai zurfi a tunanin Bahaushe, ta bi wannan layi. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya lissafa alamomin munafuki uku: ƙarya a zance, saɓa alkawari da cin amana. Wani hadisin na Muslim ya yi tir da mai abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙarƙashin busasshe, alhali mutumin bai furta komai ba. A gefe guda kuma, hadisin Ummu Kulsum 'yar Uƙba ya cire sunan maƙaryaci daga kan mai sulhunta mutane da kyakkyawar magana. Wato an duba abin da maganar ta haifar ga amana da zumunci, ba a tsaya ga lafazi kaɗai ba.

6.0 Makullan Fita Daga Wasa

Hujja mafi ƙarfi a kan cewa tarayyar sani ita ce iyaka tana cikin wasu 'yan kalmomi da Hausa ta tanada. Idan mai sauraro ya shiga shakka ko wasa ake ko gaske, yana da damar ya ce "da gaske kake?", ko "ban da wasa", ko "tsakaninka da Allah". Waɗannan kalamai suna dakatar da duk wata rawa da ake takawa. Daga lokacin da aka furta su, kunya da kara da barkwanci sun daina zama uzuri.

Ciniki ya fi kowane fage nuna haka. Mai kaya ya sa kuɗi sama, mai saye ya taya ƙasa, mai kaya ya ce "albarka", mai saye ya yi kamar zai tafi, a kira shi ya dawo. Duk wannan rawa ce da kowa ya san takunta. Amma idan mai kaya ya ce "wallahi ban sayo shi haka ba", ya fita daga wasa da kansa, domin rantsuwa alkawari ce cewa abin da ke biye da ita haƙiƙa ne. In ya kasance ƙarya yake, to ya yi ha'inci, kuma yawan irin haka ne ke karya darajar rantsuwa a kasuwa har ta koma ado a baki.

Kalmar "wai" tana yin kishiyar wannan aiki. Mai cewa "wai an ƙara kuɗin mai" ya janye kansa daga ɗaukar nauyin labarin. Mai cewa "wai shi malami" kuwa yana tona cewa shigar malanta kawai aka yi. Sai dai magulmaci yakan ari "wai" da "an ce" ya yaɗa abin da shi ya ƙirƙira, ya bar wa kansa hanyar tsira. A nan an mayar da kayan aikin gaskiya makamin yaudara.

7.0 Inda Kunya Ke Komawa Cuta

Matsala takan taso idan aka ɗauki maganar da ta dace da wani muhalli aka kai ta wani. "Da sauƙi" amsa ce mai kyau ga ɗan dubiya, domin ta ƙunshi haƙuri da kyautata zato ga Allah. Idan aka ba likita ita a matsayin bayanin ciwo, za ta iya sa ya rage magani ko ya sallami wanda bai warke ba. Likita rahoto yake nema, majinyaci kuma gaisuwa yake amsawa. Babu mai niyyar yaudara a cikinsu, amma tarayyar sani ta yanke. Karin maganar "ranar wanka ba a ɓoyon cibi" ta nuna cewa al'ada da kanta ta san akwai wuraren da ake ajiye kunya.

Neman aure ya fi wannan haɗari. Rufin asiri ɗabi'a ce abar yabo, amma idan dangi suka ɓoye wata larura da za ta shafi rayuwar abokin zama, sun rufa asirin nasu ne da asarar wani. Misali, idan namiji da mace duka suna da rukunin jini AS, kowane ciki yana da yiwuwar kashi 25 cikin 100 na haifar mai cutar sikila. Dokar da Jihar Kano ta kafa a 2024, wadda ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure, ana iya kallonta a matsayin ɗauke wa iyalai nauyin tambayar da kunya ke hana su yi wa juna.

Haka abin yake a sha'anin bashi. "Gobe in Allah ya yarda" daga bakin wanda ke fafutukar biya neman uzuri ne. Daga bakin wanda ya ƙudurta ba zai biya ba kuwa, an yi amfani da sunan Allah ne aka toshe bakin mai haƙƙi. Wayar salula ta ƙara faɗaɗa wannan ƙofa. Bahaushe ya ce "labarin zuciya a tambayi fuska", to ga shi yanzu ana zance babu fuska. Ɗan damfara yakan kira da cikakkiyar sallama, ya ce "Baba" ko "Hajiya", ya tambayi iyali, sannan ya nemi lambar sirrin asusun banki. Ladabin da aka saba auna ɗan mutunci da shi, shi ne ya zama kan burtun da ya ɗaura.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa Bahaushe ba ya auna ƙarya da dacewar lafazi da zahiri kaɗai. Tambayoyi uku yake yi: shin mai sauraro ya san rawar da ake takawa? Shin zai gina wani hukunci a kan abin da ya ji har ya yi asara? Shin an ba shi gaskiya a lokacin da ya nemi a ajiye wasa? Inda sani ya zama na kowa, kamar a gaisuwa da kunya da barkwanci da tatsuniya, "yin kamar" yana kare mutunci ne yana kuma ƙarfafa zumunci. Inda sani ya zama na mutum ɗaya, ko da kowace kalma gaskiya ce, an ci amana. Nahawun harshen ya goyi bayan wannan rarrabewa, tun da aikatan yaudara suna neman karɓau, kuma akwai keɓaɓɓun kalmomin fita daga wasa. Ya kamata masu koyar da Hausa ga baƙi, da masu tafinta a asibitoci da kotuna, su riƙa kula da wannan iyaka, domin fassara "da sauƙi" ko "bari in yi shawara" kalma da kalma tana iya isar da saƙon da mai maganar bai nufa ba. Akwai kuma buƙatar a nazarci yadda waɗannan makullai suke a karuruwan Hausa daban-daban, musamman tsakanin Hausar gabas da ta yamma, da kuma yadda suke sauyawa a rubutun kafafen sada zumunta.